Riƙe linzamin sauti: aiki da kwamfresa da limita wajen ɗaukar wa'azi, hira da kiɗa

Duk wanda ya taɓa ɗaukar tafsirin azumi a wani masallaci a Sakkwato ya san wannan matsala. Mai jan baƙi yana ɗaga murya, malam yana fassara a natse, wani lokaci ma ya juya kai ya bar makirfo, can kuma jama'a su ɗauki kabbara baki ɗaya. Idan aka zo saurare a waya, sai an ƙure ƙara kafin a ji malam, da kabbara ta zo kuma lasifikar ta kama karkarwa kamar za ta tsage. Wurin biki ma haka ne: mawaƙi na tafiya a hankali, kalangu ya faɗo, guɗa ta biyo baya. Wannan tazara da ke tsakanin ƙaramin sauti da babba ita ake son ragewa, kuma da kayan aikin sauti biyu da ake kira kwamfresa da limita ake rage ta. Sai dai akwai matakin da ya riga su, ya kuma fi su muhimmanci, wato saita ƙarfin da sauti ke shiga na'ura da shi. Sautin da ya fashe tun a bakin ƙofa, babu kwamfresar da za ta ɗinke shi.

Kada a haɗa wannan da matse fayil, irin mayar da shi MP3 ko abin da WhatsApp ke yi wa saƙon murya. Wancan rage nauyin fayil ne don ya tafi da ƙaramar data. Namu aikin daidaita hawa da saukar ƙara ne.

Fara da karanta mita

A na'urar ɗauka ta zamani da kwamfuta, sauti yana da rufi, kuma rufin shi ne 0 dBFS, wato sifili a ma'aunin dB da ake auna ƙarfin sauti da shi. Babu hawa sama da nan. Duk lambobin da ke ƙasa da shi da alamar ragi suke zuwa, don haka -6 ya fi -12 ƙara, -12 ya fi -18. Idan sauti ya bugi 0, na'urar takan sare masa kai, ya fito da ƙarar tsagewa mai cizon kunne. A Audacity, manhajar ɗauka da gyaran sauti a kwamfuta, idan ka kunna nuna wuraren da suka fashe, za ka ga jajayen layuka a tsaye daidai inda ɓarnar ta faru.

Abin da kake nema lokacin ɗauka shi ne magana ta riƙa yawo wajen -18, idan aka ɗaga murya ta kai -12, mafi ƙarfin abin da zai faru a wurin kuma kada ya wuce -6. Mutane da yawa suna tsoron wannan, suna ganin zanen sautin ya yi siriri a allo. Tsoron ya samo asali ne tun zamanin kaset, lokacin da ɗauka a ƙasa ke nufin shan "shiiii" na tef. Yanzu idan ka saita ɗaukarka a 24-bit kana da fili kusan dB 144, a 16-bit kuma kusan 96. Wanda ya bar dB 12 a sama bai yi asarar komai ba. Saboda haka kafin komai ka shiga saitin na'urarka ka zaɓi WAV, 24-bit, da 48 kHz idan za a haɗa da bidiyo.

Saita geyin

Geyin shi ne maɓallin murɗawa na farko da sauti ke tararwa, mai saita ƙarfin da yake shiga na'ura da shi, wanda ke can sama a kowane layi na mikisa, ko a gaban akwatin sauti irin Focusrite Scarlett. Ga yadda ake yi:

1. Kashe kwamfresa da limita da duk abin da ke daidaita ƙara da kansa. Mayar da geyin ƙasa.
2. Ajiye makirfo inda zai zauna har a gama. Ga mai magana, tazarar yatsu huɗu zuwa taƙi ɗaya daga baki ta isa, a ɗan karkace shi gefe don iskar "b" da "f" kada ta bugi kansa kai tsaye.
3. Nemi mai maganar ya yi da irin muryar da zai yi aiki da ita. "Gwaji, ɗaya, biyu" ba ya nuna komai, domin kowa a hankali yake faɗinsa. Ka ce wa mai jan baƙi, "Allah gafarta malam, a ja mana aya ɗaya da muryar karatu." Makaɗi kuma ka ce ya saki hannu kamar an shiga fili.
4. Murɗa geyin a hankali har mafi ƙarfin abin ya tsaya wajen -12. A Scarlett, zoben da ke kewaye da maɓallin ya zauna a kore. Idan ya taɓa ja, ka yi yawa. A mikisa, danna maɓallin PFL na layin, mai nuna ƙarfin wannan layin shi kaɗai, ka duba mita, fitilar PEAK kuma kada ta kama.
5. Sannan ka ƙara ragewa kaɗan, kamar dB 3. Idan taro ya yi zafi kowa ya fi yadda ya yi a gwaji ƙarfi.

Tazarar baki da makirfo tana da tasiri fiye da yadda ake zato. Duk lokacin da tazarar ta ninka, sauti yana faɗuwa da kusan dB 6. Malamin da ya matsa daga taƙi ɗaya zuwa taƙi biyu ya rage rabin ƙarfin siginarsa ke nan ba tare da ya sauya murya ba. Shi ya sa ƙaramin makirfon da ake maƙalawa a wuyan riga, ko gyara tsayin sandar makirfo yadda littafi ba zai tilasta wa malam sunkuyawa gefe ba, yake rage rabin aikin kwamfresa tun kafin a kunna ta.

Akwai kuskuren da ke yawan lalata ɗaukar masallaci da ta taro: jawo waya daga mikisar wurin a cusa ta a ramin makirfo na rikoda ko kyamara. Abin da mikisa ke fitarwa ya fi abin da makirfo ke fitarwa ƙarfi da dB 40 ko fiye. Ramin makirfo ba zai iya ɗauka ba, sautin zai fashe a ciki ko da mita na nuna -20, domin ɓarnar ta auku kafin a iso mita. Magani shi ne a sa wayar a ramin LINE, ko a danna PAD, maɓallin da ke rage ƙarfin abin da ke shigowa, idan na'urar tana da shi, ko a rage daga mikisar.

Abin da kwamfresa ke yi

Kwamfresa kamar mutum ne da ya ɗora hannu a kan maɓallin ƙara, yana ragewa idan sauti ya yi sama, yana mayarwa idan ya sauko, sai dai ta fi kowane hannu sauri. Maɓallanta manya guda biyar ne: tireshol, reshiyo, mekof geyin, atak da rilis.

Tireshol shi ne iyakar da in sauti ya haye ta kwamfresa za ta fara aiki. Abin da ke ƙasa da iyakar ba ta taɓa shi. Reshiyo kuma shi ne yawan dannewar. Misali, ka sa tireshol a -20, reshiyo 4:1, sai murya ta zo a -8. Ta haye iyaka da dB 12. Kwamfresa za ta raba 12 gida huɗu ta bar 3 kawai su wuce, muryar ta fito a -17, an rage dB 9 ke nan. Da reshiyo 2:1 ne, da 6 za su wuce, ta fito a -14. Ga magana da karatu, 2:1 zuwa 3:1 ya wadatar. Mawaƙi mai hawa da sauka sosai zai iya kai ka 4:1. Daga 10:1 zuwa sama an bar kwamfresa an shiga aikin limita.

Mekof geyin ramuwa ce. Tunda an danne sama, sai a ɗaga sautin gaba ɗaya da gwargwadon abin da aka rage, ta haka ƙananan kalmomi suke fitowa fili. Wasu kwamfresoci suna da ƙarin maɓalli na gwiwa: mai laushi yana fara dannewa sannu a hankali tun kafin a kai iyaka, kuma shi ya fi dacewa da murya. Mai tauri yana kamawa nan take.

Mitar da za ka sa wa ido ita ce mai alamar GR, wadda ke nuna yawan abin da ake ragewa. Kada ka haddace lambar tireshol daga wurin wani, domin ta dogara ga ƙarfin ɗaukarka. Sauke tireshol kawai kana kallon GR har ta riƙa nuna 3 zuwa 6 a wuraren da aka ɗaga murya, ta kuma koma sifili idan aka yi shiru ko aka sassauta. Idan allurar ba ta komawa sifili ko kaɗan, iyakar ta yi ƙasa da yawa.

Atak da rilis, inda aka fi yin kuskure

Atak shi ne saurin kamawa, rilis saurin saki, duka biyu da milisakan ake auna su, wato kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. A nan ne ake gane wanda ya iya da wanda ke murɗe-murɗe kawai.

Kowane bugu na kalangu ko kotso yana da kai da jiki. Kan shi ne wannan "tas" na farko lokacin da sandar kiɗa ko yatsa suka sauka a fata, wanda bai fi 'yan milisakan ba. Jikin shi ne amon da ke biyo baya, inda kalangu ke yin maganarsa idan makaɗi ya matse tsarkiya. Idan ka sa atak a milisakan 1, kwamfresa za ta cinye kan, gangar ta koma kamar ana buga katifa. Ka sa shi tsakanin 15 da 30, kan ya wuce, a danne jikin kawai, bugun ya fito da kaifinsa. Murya ma tana da nata kan: baƙaƙe irin "k", "ƙ", "t" da "ts" su ne ke sa a rarrabe kalma da kalma. Atak mai tsananin sauri yana dusashe su, sai mai sauraro ya ji ƙara amma ba ya fahimtar abin da ake faɗa. A karatun Alƙur'ani wannan ba ƙaramar illa ba ce, tunda fitar kowane harafi daga mafitarsa ake so a ji. Ga murya ka fara daga milisakan 10, ka matsa sama ko ƙasa da kunne.

Rilis yana da ramuka biyu. Idan ya yi gajere ƙwarai, ƙasa da milisakan 30, kwamfresa takan fara bin kaɗawar sauti mai kauri ɗaya bayan ɗaya. Sauti mai 50 Hz, wato mai kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, yana ɗaukar milisakan 20 kafin ya kammala zagaye ɗaya, don haka saki mai sauri irin wannan yana murguɗa siffarsa, babbar ganga ko murya mai kauri ta fito da gurnani. Idan kuma ya yi tsawo, kamar daƙiƙa ɗaya, to bayan kabbara ko tari kwamfresa za ta ci gaba da riƙe sautin a ƙasa, kalmomin farko da malam zai faɗa bayan nan su nutse. Ga magana, 80 zuwa 150 wuri ne mai kyau na farawa. Ga kiɗa, ka saita shi yadda allurar GR za ta dawo kusa da sifili daf da bugu na gaba. Idan kiɗan ya yi sauri, rilis ya gajarta.

Zafi, fanka da janareta

Wannan shi ne abin da ya fi damun mai ɗauka a Sakkwato. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40, ba mai iya zama ɗaki a rufe babu fanka ko na'urar sanyaya ɗaki, janareta kuma na ruri a bayan gida. Kwamfresa ba ta san bambancin murya da fanka ba. A ce ƙarar fanka tana -50, ka danne murya da dB 8 ka rama da 8, fankar ta hau -42. Abin da ya fi muni, ba a tsaye take ba: idan mutum na magana sai ta lafa, da ya tsaya numfashi sai ta taso "fuuu", kamar ɗakin ne ke shaƙar iska. Kunne ya fi jure ƙarar da ke tsaye a kan wadda ke kai da komo.

Abin yi, bi da bi. Sanyaya ɗakin tukuna, a kashe fanka a ɗauki minti goma ko sha biyar, a huta a kunna. Idan ba zai yiwu ba, a kawar da fankar daga saitin makirfo, a yi amfani da makirfo irin Shure SM58 a kusa da baki maimakon kondensa mai kwaso duk abin da ke ɗaki. Sannan a kunna matatar da ke yanke ƙasa, a 80 ko 100 Hz, kuma ta kasance kafin kwamfresa. Wutarmu a Najeriya 50 Hz ce, gurnanin janareta da na waya maras kyau a nan yake zaune tare da 'ya'yansa a 100 da 150. Idan ba a yanke shi ba, shi ne zai riƙa tunzura kwamfresa tana aiki a kan abin da ba murya ba. Da hunturu kuma, idan ɗaukar a waje ce, soso kaɗai ba ya tare iska, sai an sa rigar gashi a kan makirfo. Bugun iska ɗaya yana iya danne sautin gaba ɗaya na rabin daƙiƙa.

Wanda ke haɗa sautin da ke fita lasifikar taro ya yi hattara: ramuwar kwamfresa tana kusantar da kukan lasifika. Idan da hali, a sa kwamfresa a layin ɗauka kawai, a bar layin lasifika.

Limita

Limita mai gadi ce a bakin rufi. Ana ba ta lamba, ba ta barin komai ya wuce. Wurare biyu take aiki.

Na farko lokacin ɗauka a fili, inda ba a maimaitawa: ɗaurin aure, hawan sallah, hira da dattijo. Rikodoji irin Zoom H1n suna da maɓallinta a jiki. Kunna ta, amma ka saita geyin kamar babu ita, yadda ba za ta taɓa aiki ba sai an yi guɗa a kusa ko an busa kakaki. Idan kana ganin tana kamawa a kowace jimla, geyin ya yi yawa, sauke shi. Ka kuma sani cewa a wasu ƙananan rikodoji limitar tana zaune ne bayan an riga an mayar da sauti lambobi, don haka idan ƙofar farko ta cika ba abin da za ta iya. Abin da ya fi ta tabbas shi ne ɗauka biyu a lokaci guda, kamar yadda Tascam DR-40X ke yi: fayil ɗaya a ƙarfin da ka saita, ɗayan a ƙasa da shi, in na farko ya fashe ka yanko wurin daga na biyu. Rikodoji masu 32-bit float irin Zoom F3 sun kusan kawar da wannan damuwa, ko da yake shi kansa makirfon yana iya cika idan aka kafa shi a bakin algaita.

Kada ka ɗauki maɓallin da ke daidaita ƙara da kansa a matsayin limita. Shi ne ke cikin yawancin wayoyi da kyamarori, kuma shi ke jawo hayaniyar titi sama duk lokacin da aka yi shiru. Kashe shi duk inda aka ba ka dama.

Wuri na biyu shi ne ƙarshen aiki, bayan an gama komai. Sa rufinta a -1 dB, kada ka sa 0, domin mayar da fayil MP3 ko ɗora shi a YouTube da Facebook yakan ɗan ɗaga ƙololuwar sauti, abin da ke daidai 0 sai ya fashe. Sannan ka tura sautin cikinta har ta riƙa cire dB 1 zuwa 3 a manyan wurare kawai.

Tsarin aiki a kwamfuta

Kwamfresar da ke cikin manhajoji irin FL Studio, Cubase, Reaper ko Audacity tana ganin sauti ne bayan ya riga ya shiga, saboda haka ba ta kare ɗauka daga fashewa. Amfaninta shi ne kana iya warwarewa. Wadda aka ɗauka da ita a mikisa, irin maɓalli ɗaya na COMP da ke jikin Yamaha MG da wasu Behringer Xenyx, ta zauna ke nan har abada. In za ka yi amfani da wannan, kada ka wuce kashi ɗaya cikin uku na murɗawarsa.

Bayan ɗauka, ka ajiye asalin fayil gefe, ka yi aiki a kan kwafi, ka bi wannan jeri:

1. Yanke abin da ba a so, tari da dogon shiru da bugun makirfo.
2. Yanke ƙasa a 80 zuwa 100 Hz, sannan rage hayaniya idan akwai, da sauƙin hannu.
3. Daidaita manyan bambance-bambance da hannu. Wannan matakin ne aka fi tsallakewa, alhali shi ya fi gyara aiki. Zaɓi wurin kabbara ka rage shi dB 6 ko 8, zaɓi inda malam ya juya kai ka ɗaga shi 4. Idan mai jan baƙi da malam kowa da makirfonsa, kowa ya samu layinsa da kwamfresarsa.
4. Sa kwamfresa: reshiyo 3:1, atak 10, rilis 120, gwiwa mai laushi, GR tsakanin 3 da 6. In bai isa ba, kada ka ƙure ta. Ƙara ta biyu a bayanta a 2:1 tana cire dB 2 ko 3. Biyu masu sauƙi sun fi ɗaya mai nauyi daɗin ji.
5. Idan "s" da "sh" da "ts" sun fara yanka kunne, dannewa ce ta fito da su. Sa abin rage su a tsakanin 5 da 8 kHz.
6. Limita a ƙarshe.

Gwajin da ba ya ƙarya shi ne ka kashe kwamfresa ka kunna, bayan ka daidaita ramuwa yadda ƙarar biyun za ta zo ɗaya. Kunne kullum yana zaɓar abin da ya fi ƙara, ko da ya fi muni, don haka in ba ka daidaita ba za ka yaudari kanka. Alamun an wuce gona da iri a bayyane suke: numfashi ya kai ƙarfin magana, ana jin motsin leɓe da shafin littafi, muryar ta zama shimfiɗe babu tashi babu sauka. Wa'azin da aka matse haka yana gajiyar da mai sauraro cikin minti kaɗan, kuma wurin da malam ya sassauta murya da gangan don abin ya shiga zuciya ya ɓace.

Game da ƙarar ƙarshe, ma'aunin da ake amfani da shi yanzu LUFS ne, wanda ke auna yadda kunne ke jin ƙarar shirin gaba ɗaya. YouTube da Spotify suna daidaita abin da aka ɗora musu wajen -14, duk wanda ya fi haka su rage shi, don haka matse waƙa har -8 ba ya sa ta fi ta wani ƙara a can, kaifin kiɗan kawai aka rasa. Shirin magana na intanet yana zama daidai a -16. Ƙa'idar gidajen rediyo da talabijin na Turai, EBU R128, -23 ce. Idan aikin na Rima Radio ne ko wata tasha a gari, tambayi injiniyansu matakin da suke karɓa, ka kuma sassauta dannewa, tunda tashoshin FM suna da tasu na'urar da ke ƙara matse sauti kafin ya tafi iska. Youlean Loudness Meter, mai auna LUFS a kwamfuta, yana da na kyauta, Audacity kuma yana da wurin da za ka rubuta lambar LUFS ya kai maka sautin can, sai ka bi shi da limita.

Kafin ka miƙa aiki, tura shi wayarka ka saurara ta lasifikarta a tsakar gida, sannan a ƙaramar lasifikar Bluetooth, sannan a cikin mota ko Keke Napep injin na aiki. Ka nemi wuri mafi sanyin murya a shirin da wuri mafi ƙarfi, ka ji su a jere ba tare da ka taɓa maɓallin ƙara ba. Idan ƙaramin ya ɓace a cikin hayaniya, koma mataki na uku na aikin kwamfuta ka ɗaga shi da hannu kafin ka sake taɓa tireshol.